Birkin Motata da Tumatirin Surukina

Motar da na fara mallaka a duniya ƙarama ce, 'yar Kwatano, irin tsofaffin da ake shigowa da su daga waje, mai launin toka. Na saye ta a farkon shekarun dubu biyu, lokacin da aka ɗan ɗaga albashin malamai har wasunmu suka fara ɗaukar kansu ma'aikata. Ina zaune a Kura da iyalina, ina koyar da kimiyya a wata sakandare ta wajen Bunkure. Dillalin da ya sayar min da ita ya rantse cewa wata tsohuwa ce ta hau ta a Turai, kuma ba ta zuwa ko'ina da ita sai kanti. Daga baya na gane duk motar da aka sayar a Kano a shekarun nan, tsohuwar nan ce ta hau ta. Allah kaɗai Ya san yawan kantunan da ta je.

Hanyar da nake bi kullum ba ta da tsawo, amma ba a barin mutum ya bi ta a miƙe. Masu shinkafa sun shanya tasu a gefen kwalta har ta ɗan ci titin. Masu busar da tumatir sun yanka sun baza. Akuya ta tsaya a tsakiya tana shawara. Ɗan acaɓa ya tuna ya yi mantuwa, ya juyo ba sanarwa. Ƙafata ta fi sanin birki a kan totur. Saboda haka ban yi mamaki ba da wata rana a ƙarshen sanyi na fara jin wata 'yar siririyar ƙara daga tayar gaba duk sanda na taka. Da farko kamar kukan ɓera. Bayan 'yan makonni ta koma irin ƙarar da mahauci ke yi idan yana wasa wuƙa, mutanen bakin hanya suna juyowa tun kafin in iso.

Na yi shekaru ina zana wa yara a allo cewa abin da ke tafiya ba ya tsayawa da kansa, sai wani abu ya goge shi ya tsayar da shi, kuma abin da ke gogar cinyewa yake yi a hankali. Ina kawo wannan a jarrabawa, ina ba da maki. Ba wanda ya taɓa ɗaga hannu ya tambaye ni nawa ake sayar da abin idan ya cinye.

Bakaniken da nake kai wa motar, garejinsa gindin wata darbejiya ne a bayan injinan casar shinkafa, inda ƙaiƙayi ke sauka a kan komai, har cikin shayi. Dattijo ne mai tumbi. Ya yi zamaninsa yana bin manyan motoci zuwa kudu kafin gwiwa ta zaunar da shi, kuma ba ya kwance ƙusa ɗaya sai ya ba da labarin wani gari. Ina ce masa Injiniya, yana ce min Farfesa, kowannenmu ya san bai kai ba.

Ya ɗaga motar da jak, ya cire taya, ya zaro min abin da suke kira fad, wato 'yan ƙarafa biyu masu leɓe mai kauri, waɗanda ke matse farantin taya idan an taka birki. Nawa leɓen ya tafi, abin da ya rage bai fi ɓawon albasa ba. Ya shafa farantin da yatsa ya nuna min inda ƙarfe ya fara cin ƙarfe.

Ya ce fad iri uku ne. Akwai sabo a kwali, sai an je Ƙofar Ruwa a Kano an sayo, a can ma sai mai ido, don kwalin da abin da ke cikinsa ba lallai ƙasa ɗaya suka fito ba. Akwai na Kwatano, wanda aka ciro daga wata motar da ta riga mu gidan gaskiya. Akwai kuma na gida: a yanko leɓe daga birkin babbar mota, a liƙa a kan tsohon ƙarfenka, a buga masa ƙusa. Kuɗin sabo, idan aka haɗa da gogar faranti da kuɗin motar wanda zai je Kano da ladan aiki, ya kusa cinye sulusin albashina. Albashin kuwa ana ta cewa yana hanya. Ko wace hanya ce yake bi, ta fi tawa tsawo.

Da na kai zancen ɗakin malamai, kowa ya san wani wuri a Kano da ake sayarwa rabin wannan kuɗin. Malamin tarihi ya san wani ƙanen abokinsa a Sabon Gari. Malamin Larabci ya ce shi bai yarda da fad ɗin gaba ɗaya ba, giyar mota ake saukewa, haka tsofaffin direbobi suke yi. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da mota, kuma duk a cikin tawa suke komawa gida.

Na zaɓi sabo, na ce a bar motar har a biya mu. Injiniya ya jera duwatsu a ƙarƙashinta, ya jingina tayoyin gaba a jikin bishiya, na koma hawan acaɓa da littattafan yara a cinya. Ban ji daɗi ba, amma hankalina a kwance yake.

Sai tumatirin surukina ya nuna.

Surukina manomin rani ne a wani ƙauye can cikin gonakin ruwa, tsakanin Bunkure da babban titi. Gonarsa tana ƙarshen wata siririyar hanya da ke bin kafaɗar kanal, ruwa a gefe ɗaya, gonaki a ƙasa a ɗaya gefen. Babbar mota ba ta shiga. Akori-kura tana shiga idan direban ya ga dama, kuma a makon da tumatirin kowa ya nuna lokaci ɗaya, direbobi ba sa ganin dama sai ga masu manyan gonaki. Tun shekarar da na sayi mota, ni nake fitar masa da kwandunansa zuwa kasuwar Kwanar Gafan, inda motocin kudu ke lodi. Bai taɓa roƙona ba. Suruki ba ya roƙon mijin 'yarsa, kamar yadda mijin 'ya ba ya zama kusa da shi, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya kiran sunansa, ba ya ce masa a'a. Yadda ake yi shi ne, mai ɗakina ta je gida gaisuwa, ta dawo, bayan ta ba ni labarin wadda ta haihu da wanda ya yi zazzaɓi, sai ta ce Baba ya ce tumatir ya nuna. Shi ke nan. Sauran na gane da kaina.

A wannan karon ta ƙara da cewa motar kudun da dillalin Baba ya yi masa magana jibi za ta tashi. Na ce mata ai ta san motata tana kan duwatsu. Tana tsintar shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba.

"Malam, ka manta da babur ɗin mijin ƙanwata?"

Ban manta ba, ba kuma wanda ya manta. Wata shekara kafin nan, an aika wa mijin ƙanwarta cewa takin Baba ya iso yana bakin titi, shi kuma ya aiko cewa babur ɗinsa ya lalace. Da yammacin ranar aka gan shi a kasuwar Kura a kan babur ɗin, da sabuwar rediyo ɗaure a baya. Ya ce da azahar aka gyara, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Ba a yi masa faɗa ba. Sai dai tun daga ranar, idan ya je gaisuwa daga cikin ɗaki ake amsa masa, kuma da girbi buhun shinkafarsa yakan zo a makare, idan ya zo. Tun daga nan, duk surukin da ya ce abin hawansa ya lalace, a gidan nan ɗauka ake ƙi ya yi cikin ladabi.

Na kawo shawarwari. Na ce zan nemo akori-kura in biya. Ta ce da wane kuɗin, kuma ko an samu, Inna, mahaifiyarta, za ta ce na gwammace in kashe kuɗi da a ɓata min kujera da ruwan tumatir. Na ce to Baba ya zo gareji ya ga motar da idonsa, ba taya. Nan ta ɗago.

"Ka kira Baba ya zo ya duba ko ƙarya kake? Wato ka nuna masa kana zaton yana zarginka?"

Na juya maganar a kaina, ban sami inda zan sa mata jan biro ba. Ta ce ita dai ba za ta kai wannan saƙon ba, idan ina so in je in durƙusa in faɗa da bakina, hanya a buɗe take. Ta san ba zan iya ba. Abin da ke gabana a fili yake. Ga noman rani guda na dattijo, wanda ba ya jiran albashin kowa, ga kuma batun ko za a ci gaba da fitowa zaure a amsa gaisuwata.

Washegari da aka tashi daga makaranta na wuce gareji. Injiniya ya saurare ni yana tauna goro, ya ce shi ma yana da suruki, shi ya sa bai taɓa sayen ko keke ba. Na Kwatano babu irin na motata a Kura. Saura na gida. Ya jawo wani tsohon leɓen birkin babbar mota daga ƙarƙashin benci, ya kakkaɓe ƙaiƙayi, ya yanka da zarto, ya goge, ya shafa gam, ya huda, ya buga ƙusoshi, ya ajiye a rana a kan wata matacciyar mota don ya kama. Duk wannan yana ba ni labarin wani gangare a kudu inda ya taɓa saukowa da lodin shanu ba birki sai addu'a. Kuɗin bai fi na cefane ba, har na ɗan ji daɗi.

Da ya ɗaura ya mayar da tayoyi, ya goge hannu a wando.

"Farfesa, sharaɗi uku. Ban da ruwa, ban da kaya, ban da gudu."

Na ce masa gonar a bakin kanal take, kuma kwanduna zan ɗauko.

"To, ka riƙe na ukun da kyau."

Na isa gonar da sanyin safiya. Na cire takalma tun daga nesa, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri, kamar yadda ya kamata. Dogon mutum ne siriri, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa, ƙafafunsa sun yi faso saboda tsayuwa a ruwa. Mata masu tsinka sun riga sun cika kwanduna, an rufe bakinsu da ciyawa an ɗaure. Aka cika but ɗin motar, aka cika kujerar baya har rufi, aka ɗora a sama aka zarge da igiya. Motar ta yi ƙasa kamar za ta gaishe da surukin ita ma.

Sawun farko lafiya lau. Birkin yana wani wari kamar an ƙona gashi, amma yana kamawa. Na sauke a gaban dillali na koma. Na biyu ma haka, har na fara tunanin ko sayen sabon fad ɗin nan ba almubazzaranci ba ne. Sawu na ƙarshe shi ne na zaɓaɓɓun da Baba ya ware, manya masu ƙwari da ja, waɗanda su ne ke ɗaga farashin sauran. Da su zai tafi da kansa a yi ciniki. A shekarun baya babur yake hawa ya biyo ni, don kada mu zauna wuri ɗaya. Ranar babu babur ko ɗaya a kusa, rana kuma tana ɗagawa. Ya tsaya ya dubi hanya, ya dubi motar, sannan ya buɗe ƙofar gaba ya shiga. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kusantarsa haka ba. Ya manne da ƙofarsa ya juya fuska waje, ni ma na manne da tawa. Wurin da ya rage a tsakaninmu zai ɗauki wani kwandon.

Muna cikin lodin nan ashe wani maƙwabci ya sami layin ban-ruwansa. A can, idan gonarka tana ƙetaren hanya kuma tiyo bai kai ba, sai ka sa fartanya ka tsaga hanyar, ruwa ya ƙetare, idan ka gama ka mayar da ƙasa, ko ka manta. Ba a ɗaukarsa laifi, don kowa yana yi. Muka tarar ruwa ya kwanta a hanya ya yi tafki. Ba wurin kaucewa, ba wurin juyawa. Na shiga a hankali, ina jin ruwan yana bugun ƙasan motar, na fito ɗaya gefen da sharaɗi biyu a karye.

Gaba kaɗan hanyar tana gangarawa zuwa wata 'yar kwalbati. Nan muka tarar da shanu suna ƙetarawa, na wani Bafulatani da ke zaune a bayan gonakin, yana kai su kiwo inda aka girbe. Suna tafe ɗaya bayan ɗaya, ba mai gaggawa. Na taka birki. Na ji wani abu ya yi ƙas ta tayar dama, ƙafata ta tafi ƙasa. Na sake takawa, sai ƙarar ƙarfe kawai. Na ja birkin hannu, wanda tun ranar da na sayi motar ado ne.

Ba gudu muke ba. Mutum mai sauri zai iya bin mu da ƙafa. Shi ya sa na sami lokacin yin tunani, kuma ban ji daɗin samunsa ba. Hagu kanal ne a cike. Gaba shanu ne, biyu daga cikinsu sun sayi motata da canji. Dama, ƙasa kaɗan, gonar albasa ce da aka yi wa ban-ruwa da safen nan. Ga kuma suruki a gefena, wanda ban taɓa ba wa umarni ba, ban ma san yadda ake fara yi ba.

Na ce, "Baba, a ɗan riƙe ƙofa."

Na karya sitiyari dama. Motar ta sauka gangaren a hankali kamar mai shiga wanka, ta kwantar da layukan albasa, ta dasa hancinta a taɓo ta tsaya. Kayan da ke bayanmu kuwa ba a sanar da su an tsaya ba. Kwandunan kujerar baya suka taho, tumatir ya zubo ta kafaɗunmu, ya cika mana cinya, ya gangara ƙarƙashin ƙafafunmu. Na sama suka tsinke igiya suka wuce ta kan gilashi. Injin ya ci gaba da aiki, shanun suka ci gaba da wucewa.

Baba ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya ɗauki tumatir ɗaya daga cinyarsa, ya juya shi, ya ga ya fashe, ya ajiye shi a gaban gilashi a hankali.

"Sannu, Malam," in ji shi, yana kallon albasa.

"Sannu, Baba."



Bafulatanin ya zo ya yi mana barka da arziki, ya koma gida ya kawo bijimansa biyu na huɗa, aka ɗaura igiya suka ja motar ta baya har ta hau hanya. Ya ƙi karɓar komai, ya dai tambaye ni ko duk ƙananan motoci haka suke tsayawa. Mai albasa ya iso, ya zagaya gonarsa yana salati ƙasa-ƙasa. Baba ya ja shi gefe suka yi magana, daga baya na aika masa da abin da ya sawwaƙa. Matan nan suka zo aka tsince abin da zai tsintu, aka ware mai rai da fasasshe. Kafin a samo babura a kai kasuwa, motar kudu ta cika ta tashi. Sawu biyun farko an saye su, amma tunda zaɓaɓɓun ba su iso ba, a farashin gama-gari suka tafi. Abin da muka kai a makare, dillali ya danna masa yatsa, ya girgiza kai, ya faɗi abin da Baba bai ko amsa ba. Aka mayar gida a yanka a shanya. Mai ɗakina ta tafi taya Inna yanka, ta dawo bayan kwanaki hannuwanta duk sun saɓule, ba ta iya taɓa ruwan zafi.

Motar kuwa jan ta aka yi zuwa gareji. Injiniya ya cire taya ya nuna min leɓensa ɗaya ya ɓace gaba ɗaya, yana can cikin albasa ko cikin kanal. Ƙusoshin da suka rage sun yi wa farantin rami, yanzu ba zancen gogewa, sai sabo. Wani ƙarfen sitiyari ma ya lanƙwashe. Ya ce ya faɗa min ban da ruwa. Na ce ya faɗa. Ya ce ya faɗa min ban da kaya. Na ce wannan ma ya faɗa. Ya ce to a gode wa Allah da na riƙe na ukun, don da yanzu zaman makoki ake. Da albashi ya zo, gareji ya shiga, bai fito ba. Kujerun motar kuma sun yi watanni suna warin miya, duk malamin da na rage wa hanya sai ya tambaya me aka dafa.

Abin da na fi jira magana ce daga ƙauye, ba ta kuma zo ba. Na je gaisuwa, an fito an amsa, amma a gajarce. Ban san ko gajartar ta fushi ce ko ta kunya ba, don shi ma ya zauna da tumatir a cinya a gaban mijin 'yarsa. Sai da aka kwana biyu mai ɗakina ta ce Baba ya yi magana ɗaya a kan abin. Ya ce ai da Malam ya faɗa motar ba ta da lafiya.

Na tambaye ta da na faɗa me zai ce.

"Cewa zai yi, to, Allah Ya sawwaƙe."

"Daga nan fa?"

Ta ce tuwonta zai kama, ta tashi.

Damina ta zo ta wuce, aka girbe shinkafa. Buhunmu ya zo, ba da wuri ba, ba kuma a makare ba, yadda ba za ka iya karanta komai a jikinsa ba. Aka sake shuka tumatir. Ina wucewa kullum ina ganinsa a gonakin bakin hanya, ya yi fure, ya yi 'ya'ya, ya fara ja. Kwanduna suka fara bayyana a bayan babura. Mai ɗakina ta je gida ta dawo, ta ba ni labarin haihuwa da zazzaɓi, ba ta ce tumatir ya nuna ba. Na jira. Ta tambaye ni ko akwai kananzir a hanyata gobe. Na ɗauka shi ke nan, an sallame ni cikin mutunci, na koma layin mijin ƙanwarta. Na yi zaton zan ji sauƙi, tunda aikin nan bai taɓa yi min daɗi ba. Ban ji ba.

A makon na kai motar a sauya mata baƙin mai. Injiniya ya tarbe ni da wata fara'a da ban yarda da ita ba. Ya ce jiya ya yi babban baƙo. Surukina ya hau babur tun daga ƙauye, ya zo ya zauna a kan bencin nan, suka gaisa, suka yi zancen ruwa da tsadar taki, sannan ya tambaye shi, tsakaninsa da Allah, yaya lafiyar motar Malam. Dattijon ya gano wa kansa hanya. Abin da ba zai iya tambayata ba, ni kuma ba zan iya faɗa masa ba, bakanike zai iya faɗa, don shi bai auri 'yarsa ba.

"Me ka ce masa?"

"Gaskiya mana, Farfesa. Na ce mota lafiya lau, sai dai fad ya fara ci. Amma idan aka sauya a makon nan, za ta ɗauki kaya har Legas."

Fad ɗin nan sabo ne daga kwali, bara aka ɗaura shi. Na sa ya cire taya, na ga leɓen ya fi rabi, na nuna masa. Ya ce shi ma ya gani, kuma da ni kaɗai zan hau da bai ce komai ba. Amma yanzu dattijo ya ɗora masa amana, shi ba zai iya kallon idonsa ya ce ya yarda da rabin fad ba. Ya ƙara da cewa Baba ya ce zai sake leƙowa ranar kasuwa ya ji ko an yi. Na tsaya ina duban darbejiya. Ba zan iya aika wa surukina cewa bakaniken ƙari ya yi ba, don ni ne mutumin da ya shigar da shi gonar albasa. Ba zan iya sauya bakanike ba, don wannan ne yanzu Baba ya sani. Na tambayi nawa. Ya ce kaya sun tashi a Ƙofar Ruwa.

Haka aka yi ta yi duk shekarun da motar ta yi a hannuna. Inji ya tsufa, ƙofar baya sai da igiya, fitila ɗaya tana kallon sama. Amma duk ƙarshen sanyi Baba yakan je ya zauna a benci, Injiniya yakan gano fad ya fara ci, ni kuma in biya. Waɗanda ake cirewa ban taɓa ganin inda suke zuwa ba, ko da yake malamin lissafinmu, da ya sayi tasa motar, ya taɓa yaba min wani fad na Kwatano da ya samu a Kura da araha, kamar sabo.

A waccan shekarar dai, aka ɗaura sabo kafin ranar kasuwa, saƙon tumatir ya iso, na tafi da sassafe. Na cire takalma na durƙusa. Bayan ya amsa, Baba ya taka zuwa motar, ya sunkuya a tayar gaba ya leƙa ta tsakanin ƙarafa, inda ba abin da ake gani sai duhu da busasshen taɓo. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya ce wa masu lodi su fara, ya kuma ce a kai wa Malam kunu can bayan bishiya, inda zai iya sha. Na sha a tsaye, ina kallon motar tana yin ƙasa a hankali.